Kwana uku a otal ɗin bakin teku da ɗan wata 20: in tafi da shi ko in bar shi?

Maman Haidar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Baban Haidar ya samu ɗan hutu a wurin aiki, ya kama mana ɗaki a wani otal da ke bakin teku, za mu yi kwana uku. Rabon da mu je wani wuri don hutu kawai tun kafin in haihu, to da farko murna na yi ta yi. Yanzu da abin ya matso kuma gabana sai faɗuwa yake. Haidar watansa 20, kuma ƙiriniya ta kai ƙiriniya. Yaron nan ba ya tafiya, gudu yake. Shekaranjiya na juya in ɗauko tawul, kafin in waigo ya tsoma wayata a bokitin wanka yana tafi. Ni kuma ban iya ruwa ba ko kaɗan, ban ma taɓa ganin teku ido da ido ba. In tafi da shi, ko in bar shi wurin kakarsa? In kuma da shi za a je, me zan ɗauka, me zan kiyaye? Waɗanda suka taɓa yi su taimaka min.

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Ki bar shi. Na gama magana.

Ummu Sultan:
A'a bari dai in yi bayani kada a ce na cika zafi. Na taɓa yin wannan gangancin da Sultan yana shekara biyu saura. Na sayi littafi sabo fil na ce zan kwanta a kujerar nan ta ƙarƙashin laima in karanta ina jin ƙarar ruwa. Wallahi shafi na 4 na tsaya, har yau littafin yana nan da yashi a tsakiyarsa. Abin da na yi a kwanakin nan shi ne abin da nake yi a gida, bin yaro, canza pampas, lallashi, sai dai a can babu kayan aikina a kusa, ga ruwa ta ko'ina. Na dawo gida na fi yadda na tafi gajiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maman Ikram:
Kafin a yanke hukunci, Maman Haidar kin yaye shi?

Maman Haidar:
Da rana ba ya nema, amma da dare sai ya sha yake barci. Kuma bai taɓa kwana ba ni ba.

Maman Ikram:
To ai magana ta ƙare, Ummu Sultan. Yaron da bai taɓa kwana ba uwarsa ba, a ce rana ɗaya a ajiye shi dare biyu? Shi kuka, kakar ba barci, uwar kuma tana can jikinta a otal zuciyarta a gida, kowane minti goma tana kiran waya. Wannan ma ba hutu ba ne. Ni na je da Ikram tana wata 18 kuma ban yi nadama ba. Abin da ya taimake ni, na cire wa raina cewa hutawa zan je yi. Na ɗauka zan je in nuna mata ruwa ne, duk abin da na samu na hutu a kai riba ce. Ke matsalarki Ummu Sultan littafin da kika saya, shi ya ja miki ɓacin rai.

Ummu Sultan:
Ji min mata, yanzu littafina ne mai laifi 😂

Abu Nabila:
Ku gafarce ni in sa baki duk da na ga zancen na iyaye mata ne. Ni tambayata ɗaya: yaron da ba zai tuna komai ba, meye amfanin wahalar? Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara uku. Ku bari ya kai biyar ko shida, ya san me ake yi.

Maman Ikram:
Malam Abu Nabila, in haka ne ai sai mu daina yi musu wasa da waƙa gaba ɗaya tunda ba za su tuna ba. Kuma ita uwar fa? Ita za ta tuna. Sai ta zauna shekara biyar ba ta leƙa ko'ina ba, kafin nan wani ƙanin ya zo a sake sabon lissafi?

Abu Nabila:
Na karɓa, na janye rabin maganata.

Sista Rabi:
Maman Haidar, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, kuma ba zan shiga gardamar a je ko kada a je ba, wannan naku ne ke da maigidanki. Amma in za ku je, akwai abu ɗaya da nake so ya zauna miki a kai fiye da duk kayan da za ki zuba a jaka.

Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Abin da muke gani a talabijin, mutum yana ɗaga hannu yana kururuwa, ba haka yake faruwa da ƙananan yara ba. Shiru suke tafiya, cikin daƙiƙoƙi, sau da yawa manya suna tsaye kusa suna hira. Kuma ba sai ruwa mai zurfi ba. Ɗan tatata kansa ya fi ƙarfin jikinsa, in ya kifa da fuska a ruwan da bai wuce santimita 5 ba zai iya kasa ɗagowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

Ni tekun ma bai fi ba ni tsoro ba kamar kwamin wankan otal. Teku kowa yana jin tsoronsa, ana riƙe yaro gam. Kwamin wanka kuwa yana nan shiru a tsakiyar otal, ruwan garau kamar ba zai cuci kowa ba, a hanyar zuwa cin abinci za ku wuce ta gefensa sau nawa a rana. Doka ɗaya: duk lokacin da yake kusa da ruwa, ya kasance inda hannunki zai kai gare shi. Ba inda idonki ke ganinsa ba, inda hannu zai kai.

Sannan robobin nan da ake hura wa iska a saƙala wa yara a damtse, kayan wasa ne. Suna zamewa, suna sacewa, kuma suna sa iyaye su saki jiki. In za ki saya, ki sayi rigar ceto ta gaske daidai nauyinsa, mai igiyar da ke ratsawa ta tsakanin ƙafafu. Ita ma ba ta maye gurbin hannunki.

Maman Haidar:
Innalillahi. Sista jikina ya yi sanyi. Anya ba fasawa zan yi ba?

Sista Rabi:
Ba don ki fasa na faɗa ba 'yar uwa. Bokitin da ya tsoma wayarki a ciki ma ai haɗarin ɗaya ne, kuma a gidanki yake. Ki san abin kawai.

Baban Zahra:
Bari in ɗora a kan maganar Sista da abin da ya taɓa faruwa da mu. Mun je mu huɗu manya, ni da maman Zahra da ƙanwarta da mijinta, yarinya ɗaya tal. Ka ce ai tsaro ya yi yawa. Muna zaune ana hira, sai wani baƙo ya taho riƙe da hannun Zahra yana tambayar 'yar waye, ya tsince ta a matakalar kwamin wanka. Kowannenmu ya ɗauka wani ne yake kallonta. Ranar ban iya cin abinci ba.

Tun daga nan muka fito da tsari. Akwai wata robar ɗaure gashi ja ta maman Zahra, duk wanda take hannunsa shi ne mai gadi. Ba waya, ba hira mai nisa, ba ɗaukar hoto. In zai tashi sai ya cire ta ya saka wa ɗayan a hannu, ya faɗa da baki, ɗayan ya amsa. Awa ɗaya ni, awa ɗaya ita. Abin kamar wasan yara amma shi ya sa kowa ya samu awarsa ta hutu na gaske, don in ba ta hannunka ka san ba kai ake jira ba. Maman Haidar ki gaya wa maigidan tun a gida, kada ya ɗauka shi hutu ya je ke raino.

Ummu Sultan:
Yauwa Baban Zahra, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Nawa ogan da muka je, cewa ya yi bari ya ɗan taka bakin ruwa ya dawo. Sai bayan awa biyu na gan shi, wai ya haɗu da wasu ana buga ƙwallo. Ashe ba littafin ba ne mai laifi Maman Ikram.

Maman Ikram:
To wannan kuma shari'ar daban ce, ku ƙarasa a gida 😂

Hajiya Uwani:
'Ya'yan nan kuna ba ni dariya. Ni na yi shekaru ina zaune kusa da teku, bari in gaya wa Maman Haidar abin da baƙo ba ya sani. Teku ba kogi ba ne, ba tafki ba ne. Yana cika yana janyewa, a yawancin wurare sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da 'yan mintuna. Inda kika shimfiɗa tabarma da safe a busasshen yashi, da rana ruwa zai iya iske ki a wurin. Ki tambayi ma'aikatan otal lokacin cikarsa, sun sani.

Na biyu, kada ki taɓa juya wa ruwa baya kina riƙe da yaro a gaɓa. Igiyoyin ba girmansu ɗaya ba, za ki ga ƙanana guda biyar sun zo sun lashi ƙafarki, ta shida ta zo har gwiwa. Kuma ba zuwanta ne abin tsoro ba, komawarta, tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, babba ma sai ya yi tangal-tangal balle ɗan wata 20.

Na uku na maigidanki ne in ya iya iyo. Akwai inda ruwa ke yin hanya yana komawa ciki da ƙarfi, kuma abin mamaki wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali, ba kumfa sosai. In ya ja mutum, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiya zai yi. Ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓar, har ya fita daga hanyar. Ku duba tuta: inda aka kafa masu launin ja da rawaya, tsakaninsu ne masu ceto ke gadi. Ja zalla kuwa, ba shiga. In bakin ruwan otal ɗin ba shi da masu ceto sam, ku tsaya a wasan yashi.

Maman Haidar:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Na kwafe duka na tura wa Baban Haidar.

Ƴar Gata:
Ni kuma maganar man kariya daga rana ce ban gane ba. Na ga ana ta cewa a shafa wa yara. Ba na farar fata ba ne? Mu me rana za ta yi mana?

Sista Rabi:
Tana yi ƙanwata. Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, gaskiya ne, amma tana ƙonewa, sai dai ba ta yin ja a gani da wuri. Sai dare ya yi yaro ya hau kuka in an taɓa kafaɗarsa, bayan kwana biyu fatar ta fara saɓulewa. A bakin teku kuma rana biyu ce, ta sama da wadda ruwa da yashi ke maidowa. Maman Haidar, ki nemi man da aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, lambar ƙarfin kariyarsa ke nan, a shafa kafin a fita, a sake duk awa biyu da kuma bayan ya jiƙe. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 shi inuwa kawai ake ba shi, amma Haidar ya wuce nan. Hula mai faɗin baki da riga mai dogon hannu mara nauyi sun fi man ma aiki. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma rana ta fi cizo, kuma yashi a lokacin yana ƙona tafin ƙafar yaro, ki taka da naki ƙafar tukuna.

Tunda na dawo: ki sa ruwan gishiri da sukari na leda a jaka, da maganin zazzaɓin yara wanda kika san adadinsa daidai nauyinsa, da ma'aunin zafin jiki. Zai ci yashi, wannan ki sa a ranki, duk suna ci. Kaɗan ba ya komai. Ki yawaita ba shi ruwan sha mai tsabta, kuma tun ranar da kuka isa ki tambayi inda asibiti mafi kusa yake.

Maman Ikram:
Na ɗaki kuma, ki kira otal ɗin tun yanzu ki tambaya ko suna da gadon yara, kada ki dogara da abin da aka rubuta a shafinsu. Ki roƙi ɗaki mara baranda, ko na ƙasa amma wanda ƙofarsa ba ta buɗewa kai tsaye zuwa kwamin wanka. In mai baranda aka ba ku, ki janye kujeru da tebur daga jikin ƙarfen, ki kulle ƙofar. Kuna shiga ki durƙusa ki kalli ɗakin daga tsayinsa: butar lantarki, kofunan gilashi, wayar tebur, ƙaramin firji, duk ki ɗage. Ikram sai da ta kira masu karɓar baƙi sau uku kafin in gane in zare wayar. Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai wajen ƙarfe 2 ko 3 na rana, to ki lissafa kada ku isa da safe ku yi ta yawo da yaro mai jin barci. Pampas ɗin gida kuma in ya shiga ruwa kumbura yake kamar burodin da aka jiƙa, akwai na wanka daban.

Kada ki manta da bargonsa ko duk abin da ya saba rungumewa. Wannan ko kayanki kika manta kada ki manta shi.

Ƴar Gata:
In ya yi barci da dare ai sai ku kulle ɗakin ku sauka ku ci abinci ku biyu. Ki bar waya ɗaya a kunne kusa da shi, ɗaya a hannunki, in ya motsa za ki ji. Wata ƙawata haka take yi.

Hajiya Uwani:
Kul! Kada in sake ji.

Baban Zahra:
A'a gaskiya wannan ba shawara ba ce. Yaron da ke iya sauka daga gado yana iya buɗe ƙofar banɗaki, wani ma ta ɗakin. In gobara ta tashi ko ƙararrawa ta buga, lif ba ya aiki, ke kina ƙasa shi yana hawa na uku. Kuma katin ɗakin ba ku kaɗai ke da irinsa ba. Kun manta yarinyar nan 'yar Ingila da ta ɓace a Fotugal a 2007? Iyayen suna cin abinci a cikin harabar wurin hutun, ba nisa, suna zuwa suna leƙawa. Har yau ba a gan ta ba.

Ƴar Gata:
Allah ya ba ku haƙuri, ban yi tunanin haka ba. Ni ko auren ma ban yi ba 🙈

Ummu Sultan:
Ai mun gane tun daga maganar farko. Maman Haidar, ku sa a kawo muku abincin ɗaki, ku ci a hankali cikin duhu kamar ɓarayi, kuna magana da raɗa. Haka muka yi. Abin da ya fi min daɗi a tafiyar ma ke nan in faɗi gaskiya.

Maman Haidar:
Salam 'yan uwa, mun je mun dawo jiya lafiya, na ce sai na kawo muku rahoto tunda da ku aka shirya.

Abin dariya na farko: yaron da nake tsoron zai ruga cikin teku, da muka sauke shi a yashi sai ya naɗe ƙafafu sama kamar an ɗora shi a garwashi. Ya ƙi takawa sam. Ya kalli ruwan, igiya ta taho da ƙara, ya cusa kai a wuyan babansa yana cewa a'a, a'a. Yinin farko a kan tawul ya yi shi, yana miƙa yatsa ɗaya yana taɓa yashin yana janyewa. Sai washegari da sassafe, wajen ƙarfe 7, ba kowa a wurin, ruwan ya janye ya bar yashi mai laima mai santsi, na ga ya sauka da kansa. Ya taka, ya waigo ya ga sawun ƙafarsa, ya tsuguna yana yi masa magana. Mun fi rabin awa a kan sawun nan. Bokiti da ɗan shebur da na saya kuwa ko kallo, murfin gorar ruwa ya ɗauka yana ɗiba da shi.

Daren farko ban ji da daɗi ba. Ya ƙi gadon da suka kawo, ya yi ta zagaye ɗakin yana kunna fitila yana kashewa har kusan sha ɗaya. Laifinmu ne, mun bari ya tsallake barcin rana don muna ɗokin fita. Rana ta biyu muka bi tsarin su Sista, fita da sassafe, dawowa kafin rana ta yi zafi, barci, sai yamma a sake fita. Lafiya lau.

Baban Zahra, Allah ya saka da alheri. Robar gashin ta yi aiki, kuma sau ɗaya da muka yi sakaci da ita mun ga abin da kake faɗa. Muna fitowa daga karin kumallo na cire ta na ajiye a tebur ina goge masa hannu, babansa yana amsa gaisuwar wani. Ban san lokacin da ya zame ba. Taku kamar biyar ya rage masa zuwa bakin kwamin wankan, ya miƙa hannu zai kamo wata ƙwallo da ke yawo a kai, na cafko bayan rigarsa. Ko uffan bai ce ba, ba ƙara, ba komai. Sai da na zauna a ƙasa don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Tekun da yake tsoro bai ko kusance shi ba, Sista, wancan ɗin da kika faɗa ne.

Na gaji kam, ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu ina kakkaɓe yashi daga jaka da kunnensa. Amma na samu awa ɗaya kowace yamma ni kaɗai a gaɓa, roba tana hannun babansa, na tsoma ƙafata a teku karon farko a rayuwata.

Sista Rabi:
Alhamdulillah da Allah ya tsare. Ki duba kafaɗunsa da bayan wuyansa kwana biyun nan.

Ummu Sultan:
Barka da dawowa. Ni tambayata ɗaya ce, kin tafi da littafi?

Maman Haidar:
Na tafi da shi a ɓoye don kada ki ji 😂 Shafi na 11.

Ummu Sultan:
Kin fi ni da bakwai. Turo min hoton robar gashin nan in nuna wa oga.